Sunan Da Koci Rask Bai Aika Ba

A garinmu na Pellam abu biyu ake jira idan watan Oktoba ya kama: a gama girbin masara, sannan a ga takardar nan da ƙungiyar kwalejoji goma take fitarwa kafin a fara kakar ƙwallon kwando. Takardar kuwa ba wata tsiya ba ce. Ba a buga wasa ko ɗaya ba, ba wanda ya zubar da gumi, amma sai kociyoyi goma su yi duba irin na bokaye, su ce kwaleji kaza ce za ta zo ta ɗaya, yara biyar kaza su ne gwanaye, wane shi ne gwanin gwanayen bana. Rabin abin da suka faɗa kan zama ƙarya kafin Kirsimeti. Duk da haka, leƙa shagon kofi na bakin kasuwar hatsi da safe ka ga manoma masu jikoki suna neman ba hammata iska a kanta.

Yadda ake yi shi ne kowane koci ya aika sunayen yaransa da yake ganin sun isa, ofishin ƙungiya ya haɗa su a takarda ɗaya, sauran kociyoyin su jefa ƙuri'a. Ba ka zaɓen naka. Yaron da kocinsa bai aika sunansa ba kuwa, ko shi ya ƙirƙiro ƙwallon, ba zai shiga ba.

Delbert Rask ya shekara goma sha tara yana horar da 'yan wasan Kwalejin Pellam, kwalejin da ɗalibanta kaf ba su kai ɗari takwas ba, kuma a duk shekarun nan bai taɓa riƙe yaro irin Deshon Pruitt ba. Daga birnin Omaha ya ɗauko shi yana siriri kamar sillen kara. A lokacin kociyoyi biyu kacal suka damu su je kallonsa, Delbert da tsohon abokin hamayyarsa Buck Lindahl na Kwalejin Ostrand, yaron kuma ya zaɓi Delbert. Shi ya koya masa jifa da hagu. Shi ya zauna da shi a asibiti ranar da yatsansa ya karye. Yanzu Deshon yana shekarar ƙarshe, kuma bara mutum ɗaya ne ya fi shi maki a duk ƙungiyar, shi ma ya gama ya tafi. Ba wanda yake tambayar wa za a ba gwanin bana.

Ranar Juma'ar da za a rufe karɓar sunaye, Delbert ya buɗe kwamfuta a ofishinsa, ya rubuta Deshon Pruitt a layin farko, ya zauna yana kallon sunan. Abin da yake masa yawo a kai shi ne wani dogon yaro da ya taɓa riƙewa shekara shida da suka wuce. An ba shi gwanin bana a Oktoba, kansa ya kumbura, ya daina zuwa atisaye a kan lokaci, kafin Fabrairu Pellam ta koma ta bakwai. Tun daga nan Delbert ya yi imani cewa yabo kafin aiki guba ne, ɓacin rai kuma shi ne man da ke tafi da yaro. Sai ya goge sunan. Ya rubuta na wasu yara biyu na kirki da ya san ba mai zaɓensu, ya aika, ya tashi ya wanke kofinsa.

Ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙazafi. Yana son yaron kamar shi ya haife shi, kuma wannan ne ya sa abin ya fi muni.

Takardar ta fito ranar Litinin. An sa Pellam ta uku, sunaye biyar na gwanaye kuma babu Deshon a ciki. Da yamma kafin atisaye Delbert ya shiga ɗakin canja kaya da ita a hannu, ya kafe ta a allo da ƙusa, kamar yadda kowane koci a ƙasar nan yake yi da duk maganar da aka raina yaransa a cikinta.

"Ku matso ku karanta," in ji shi. "Ku karanta da kyau. Kociyoyi tara ne suka zauna suka ce a ɗakin nan babu namiji ko ɗaya. Pruitt, kai ma matso. Ka ga sunanka?"

Deshon ya matso, ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama.

"Babu, Koci."

"To kai ka san abin yi."

Yara suka ɗauki ihu suna dukan akwatunan kaya. Deshon bai yi ihu ba. Delbert ya zaci zai ga wuta a idonsa, sai ya ga wani abu dabam, irin kallon yaron da aka manta da shi a tashar mota. Nan take gabansa ya faɗi, amma ya ɗaure fuska ya hura usur.

Washegari uwar Deshon ta bugo. Yvette Pruitt tana aikin wanki a wani asibiti a Omaha, kuma mace ce da ba ta iya magana a hankali ba.

"Koci, ka ba ni lambar mutanen nan."

"Waɗanne mutane, Misis Pruitt?"

"Makafin nan tara! Ɗaya bayan ɗaya zan kira su. Ka san na saya masa kwat? Kowa ya ce mini za a kai su biyar ɗin cin abinci a birnin Lincoln a ɗauke su hoto. Na zaga shago huɗu kafin na sami mai hannun da ya kai masa, yaron nan hannu kamar na shebur. Yanzu wa zai sa? Karena?"

"Ki yi haƙuri. Takarda ce kawai, ba ta cin wasa."

"A gare ka takarda ce. Ni na gaya wa duk 'yan cocinmu." Muryarta ta sauko. "Jiya ya kira ni, ya ce Mama ko dai ban kai yadda nake zato ba? Ɗana ke nan da bai taɓa tambayata haka ba. Ka riƙe mini shi, Koci. Kai kaɗai ne na yarda da kai a cikinsu."

Ya ce zai riƙe shi. Da ya ajiye wayar ya daɗe hannunsa yana kanta.

Matarsa Noreen ce kaɗai ya gaya wa, shi ma don ta ritsa shi ne. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ta san idan ya ture fanke bai ci ba to akwai magana. Ya faɗa mata cikin wani salo kamar mai ba da labarin dabara, yana jiran ta ce kai, ka iya. Ta ajiye butar kofi ta dube shi.

"Del, ka yi wa yaron nan sata."

"Wace irin sata? Me na ɗauka?"

"Abin da ya yi shekara uku yana wahala a kai. Ka ɗauke, sannan ka nuna masa wasu ka ce su ne ɓarayin."

"Ba ki san 'yan wasa ba. In ya ci kofi a watan Maris, wa zai tuna da takardar Oktoba?"

"Shi zai tuna. Kuma kai ba ka san Deshon ba in kana zaton irin wancan sakaran ne. Yaron da in ya ci abinci a nan sai ya wanke kwanonsa da nawa? Ka je ka gaya masa yau."

"Bari mu wuce wasannin farko."

"Haka ka ce a kan rufin gareji, bara waccan."

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Wasan farko Deshon ya ci maki talatin da ɗaya. Na biyu ashirin da takwas, na uku talatin da biyar, duk Pellam ta ci. A shagon kofi manoma suka fara cewa ai gara da aka hana shi, har wani ya ce a aika wa kociyoyin nan kwalin naman sa na godiya. Delbert yakan yi murmushi ya karɓi gaisuwa, ya fito ya zauna a mota ya daɗe bai tayar da ita ba.

Don kuwa shi yana ganin abin da manoma ba sa gani. Deshon ya daina dariya. Da, shi ne mai kwaikwayon tafiyar alƙalin wasa a cikin bas har direba ya nemi sakin sitiyari, yanzu sai ya toshe kunne ya jingina da taga. Wani ɗan ajin farko ya kuskure ba shi ƙwallo, Deshon ya yi masa tsawar da ta sa yaron ya kasa cin abinci. Ƙarfe biyar da rabi na asuba mai shara yakan same shi shi kaɗai yana jifa. A kan farin bandejin da yake naɗe wuyan hannunsa da shi kuwa, ya rubuta sunaye tara da baƙin alƙalami, ƙanana, a jere. Na Lindahl ne a sama, an ja masa layi biyu.

Wasa na huɗu shi ne na farko a cikin ƙungiya, kuma da Ostrand za a yi, a gida, ranar Asabar ƙarfe biyu. Ranar Juma'a bayan atisaye Delbert ya kira Deshon ofis ya rufe ƙofa. Ya shirya maganar tun safe, har ya maimaita ta a mota.

"Zauna, ɗana. Maganar takardar nan ce."

"Kada ka damu, Koci, ban manta ba."

"A'a, ba haka nake nufi ba. Wato, ka san yadda ake zaɓen nan, akwai abubuwa da yawa a ciki da..."

"Na sani. Siyasa ce." Deshon ya juya hannunsa yana kallon bandejin. "Sauran takwas ɗin ban damu da su ba sosai, ba su san ni ba. Amma Koci Lindahl? Mutumin nan ya zauna a falonmu, ya ci kazar Mama har ya nemi ƙari. Duk shekara in mun haɗu sai ya dafa ni ya ce kai ne wanda ya kuɓuce mini. Ashe duk baki ne." Ya ɗago. "Ka san abin da na gane? Da na bi shi, da yanzu ina hannun mutumin da ke yi mini dariya a gaba. Na gode wa Allah da na bi ka. Kai ko me za ka faɗa mini, a ido kake faɗa."

Delbert ya fasa faɗin maganar da ya shirya. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba, tsoron kada wannan kallon da yaron yake masa ya canja. Ya gyara takardun da ke kan tebur.

"Ka sa ƙanƙara a gwiwar nan," in ji shi. "Gobe kada ka makara."

Ranar Asabar ɗakin wasa ya cika har bakin ƙofa, mutum dubu da ɗari biyu cikin rigunan sanyi, ga ƙamshin guguru. Buck Lindahl ya shigo da tumbinsa da jar rigarsa, ya nufo Delbert hannu a buɗe.

"Rask! Har yanzu ba su kore ka ba?"

"Suna jiran a fara da kai."

"Kai, tsohon banza. Af, ina son in tambaye ka wani abu game da yaron nan naka..."

"Bayan wasa, Buck," in ji Delbert da sauri, ya juya wajen bencinsa kamar an kira shi.

Abin da Deshon ya yi wa Ostrand a ranar ba wasa ba ne, duka ne. Ya jefa daga nesa ta shiga, ya juya ya kalli bencin Lindahl. Ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili, ya danna ta cikin kwando da hannu biyu, ya sake juyawa ya kalle shi. Mutanen gari suna ta ihu suna buga ƙafa, sun ɗauka abin nishaɗi ne. Bayan hutun rabin lokaci ya ci wata mai maki uku daidai gaban bencin Ostrand, ya tsaya, ya ɗaga wuyan hannunsa a fuskar tsohon, ya ce da ƙarfi har na layi na biyar suka ji:

"Ka ƙirga wannan ma, munafuki!"

Alƙali ya hura usur ya hukunta shi. Lindahl ya buɗe hannuwa yana waige-waige, kamar mai neman wanda ake nufi a bayansa. Sannan ya dubi Delbert daga can ƙetaren teburin masu rubuta maki, ya daɗe yana dubansa, Delbert kuwa ya sunkuya yana zane a allonsa, zanen da shi kansa bai san na mene ne ba.

An tashi Pellam tamanin da huɗu, Ostrand sittin da shida. Deshon yana da talatin da takwas.

Aka yi layin musabaha kamar kullum, 'yan wasa a gaba, koci a ƙarshe. Deshon ne na ƙarshe a cikin yara, don haka Delbert yana bayansa, taku ɗaya. Ya ga lokacin da yaron ya zo kan Lindahl ya sauke hannu zai wuce. Ya ga tsohon ya damƙe masa dantse.

"Tsaya, samari. Me na yi maka?"

"Ka sani."

"Na rantse ban sani ba. Shekara talatin ina wannan aiki, ba yaron da ya taɓa kirana munafuki a gaban matata."

"Ba ka zaɓe ni ba."

"Zaɓe?" Lindahl ya saki baki. "Ta yaya zan zaɓi sunan da babu shi a takarda? Sau biyu na duba. Har ofishin ƙungiya na buga na ce sun yi kuskure, suka ce Pellam ba ta aiko da sunanka ba. Na ɗauka rauni ka ji ake ɓoyewa. Da sunanka yana nan, ai ba ni kaɗai ba, mu tara ɗin..." Sai ya ga fuskar Deshon, ya ga ta Delbert a bayansa, ya gane. Ya saki dantsen a hankali. "Haba, Del," ya ce.

Deshon bai juyo ba. Ya tsaya kamar na daƙiƙa uku, sannan ya kama hannun Lindahl da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya faɗi wata magana da Delbert bai ji ba saboda ƙarar ganguna. Daga nan ya wuce ta tsakiyar masu murna, suna dafa shi suna kiran sunansa, ya shige ɗakin canja kaya.

Delbert ya yi magana da ɗan jaridar gari, bai san me ya faɗa ba. Ya bari sai da yara suka watse zuwa wajen iyayensu sannan ya shiga ɗakin canja kaya. Deshon yana zaune a benci, ya riga ya sa kayan gida, jakarsa a kan cinya. Ashe jiransa yake yi.

"Gaskiya ne?"

"Bari in yi maka bayani."

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Mantuwa ka yi?" Yadda ya yi tambayar, a fili yake roƙo yake a ce masa e.

"A'a. Na rubuta, na goge." Delbert ya ji bakinsa yana ci gaba ba da izininsa ba. "Don kai na yi. Na ga yadda yabo yake lalata yara. Dubi abin da kake yi yanzu, talatin da takwas! Ba ka taɓa wasa irin na wata ɗin nan ba, kai ma ka sani."

"Ban taɓa tsanar wasa kamar a wata ɗin nan ba." Deshon bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Kullum in na tashi cikina ciwo yake. Na zagi dattijo a gaban jama'a, mutumin da ya buga waya saboda ni. Kai kuma kana tsaye kana kallo. Jiya na zauna a ofishinka na faɗi abin da na faɗa, ka ce in sa ƙanƙara." Ya girgiza kai. "Da ka ce mini Deshon, ba zan aika sunanka ba, ina tsoron kada kanka ya kumbura, da na ji haushi kwana biyu na haƙura. Shekara uku. Yaushe na taɓa ƙin abin da ka ce?"

Kunya ta rufe Delbert, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

"Ka yafe mini, ɗana."

Deshon ya miƙe ya rataya jakarsa. Ba zai bar ƙungiya ba, Delbert ya ga haka a fuskarsa, yana da abokai goma sha uku da ba su yi masa komai ba. Zai zo atisaye, zai ci maki, mai yiwuwa ma su ɗauki kofin a watan Maris. A bakin ƙofa ya tsaya, cikin ladabi, kamar mai tambayar hanya a garin da bai sani ba.

"Ƙarfe nawa ne atisaye ran Litinin, Mista Rask?"

A nan wajenmu, wanda ya horar da kai ko na wata ɗaya ne, Koci ne har ka mutu. Tsofaffi masu sanda suna kiran wanda ya koya musu jifa a firamare da shi, a wajen jana'izarsa ma haka suke cewa. Delbert ya shekara talatin da shida ba ɗan wasan da ya kira shi da wani suna.

"Ƙarfe uku da rabi," in ji shi.

Deshon ya ce to, ya ja ƙofar a hankali ya fita wajen uwarsa, wadda ta zo kallon wasan.